Sunan Baba ya wuce talatin da biyu

Laraba da dare, farkon damina

Yau na gano abin da ya hana Baba Abdulmumini irin gero. Sau uku yana zuwa ofishin ƙungiyarmu ta manoma daga garin Babban Mutum, sau uku ina ce masa, "Baba, ba ka cikin rajista."

Ashe yana ciki. Laifin tsohuwar na'urarmu ne. Manhaja ɗaya ke miƙa wa ɗaya suna ta nemo. Gajeren suna, wanda bai wuce harafi talatin da biyu ba, ana cike masa gurbi har hamsin. Wanda ya wuce haka a miƙa shi yadda yake, mai karɓa kuma hamsin take karantawa, sai ta kwaso tarkace ta liƙa masa, ta kasa gano shi. Mutanenmu kuwa sai sun haɗa da sunan garinsu. Abdulmumini Muhammadu Babban Mutum: talatin da huɗu, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Da yatsa na ƙirga.

Na ware wa suna gurbi hamsin tun daga manhajar farko, nan take sunan Baba ya fito.

Abin da ke cina, jiya ya ce, "'Yata, da yatsana na dangwala." Na yarda da na'ura, ban yarda da dattijo ba. Ga shi ruwa ya sauka. Gobe ni zan shiga motar Babban Mutum, da buhun irinsa.