Maganar da Na Daɗe Ina Ɗagewa

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa a ƙarƙashinta tun ina saurayi mai kwat ɗaya da jakar littattafai, abokiyar farin cikina wadda ƙaddara ta mayar abokiyar makokina, Maman Lauya,

Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Yayarki da dukkan mutanen gidanta.

Kin san ni ba mai yawan magana ba ne. Shekarun da na yi a kan kujerar alƙalanci sun koya mini auna kowace kalma kafin ta bar bakina, har kika taɓa ce mini ko sannu zan yi wa mutum sai na duba ta gaba da baya. Yau kuwa alƙalamin ya rinjaye ni, na kuma ƙyale shi. Tun da kika koma gidan Yayarki, gidan nan ya zama kogin da ruwansa ya janye, gaɓar tana nan, duwatsun suna nan, babu abin da ke gudana. Madubinki ba ya ganin kowa. Kujerarki ta bakin taga ta zuba mini ido kamar mai jiran bayani. Wayyo, raɓar safiyata! Wa ya taɓa gaya mini gida ɗaya zai iya ɗaukar makoki biyu, na wadda ta tafi ba za ta dawo ba, da na wadda take raye a ɗaya gefen gari?

Ki bari in rubuta abin da bakina bai taɓa furtawa ba, ko da yake ke kin fi kowa saninsa. Muna da 'ya guda ɗaya tal, 'yar shekara tara, wadda muke kira Lauya saboda ko lokacin wanka ne sai ta kawo hujja uku kafin ta yarda. Ranar da aiki ya riƙe mu duka biyu, ƙanenki Dogo ya je ɗauko ta daga makaranta, kamar yadda ya saba. Bai sami wurin tsayawa a bakin ƙofa ba, sai ya tsaya a ƙetaren titi, ya fito daga mota, ya ɗaga mata hannu don ta gan shi. Ta gan shi. Ta rugo da jakarta tana tsalle a bayanta, ita kuma motar da ke tahowa ba ta iya tsayawa ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mutane sun yaba haƙurina a kwanakin nan. Ban ɗaga murya ba, ban nuna kowa da yatsa ba. Da Dogo ya durƙusa a gabana, abin da na ce masa kawai shi ne za mu yi magana. Ke kaɗai kika gane abin da na yi, domin ke kaɗai kika san ɗabi'ata ta aiki: idan shari'a ta yi mini nauyi, ɗage ta nake yi. Wannan ɗabi'ar na ɗauko daga kotu na shigo da ita gida. Ya zo, na amsa gaisuwarsa yadda ya kamata, na sa a kawo masa ruwa, na shige ɗakin karatuna. Ya sake zuwa, na ce ba yau ba. Sai dai a kotu duk shari'ar da aka ɗage ana sa mata rana, ni kuwa ban sa wa Dogo rana ba. Na bar shi a tsare wata da watanni, ba tuhuma, ba sallama. Da wani jami'i ne ya yi wa ɗan Adam haka aka kawo shi gabana, da ni ne farkon mai tsawata masa.

Har yanzu ina jin muryarki a safiyar da kika tafi. Kin ajiye mini shayi, kin gyara zaman kofin yadda nake so, sannan kika ce: “Alƙali, na rasa 'ya. Ba zan zauna ina kallo in rasa ƙane ba, in kuma rasa miji yana zaune a gabana. Ko ka zage shi, ko ka yafe masa, amma ka buɗe baki.” Ni kuma, kaico, na ce miki zan duba. Dariyar da kika yi a lokacin ta fi kowane kuka ciwo. Ta yaya mutumin da ya karanci littattafai cike da kabad ya kasa karanta fuskar da ya fi so a duniya?

Ya ke farin watana, kin tuna wata Asabar da aka wuni ana ruwa, aka ɗauke wuta, muka taru a falo ba abin yi? Lauya ta yafa baƙar rigata ta aiki tana jan ta a ƙasa, ta ɗauko babban cokali daga kicin, ta hau kan tebur ta buga shi ta ce kotu ta zauna. Ranar ta ƙara wa kanta girma daga lauya zuwa alƙali. Ni ne wanda ake tuhuma, laifina kuwa shi ne ban taɓa yin dariya a hoto ba. Ke ce magatakarda, Kawu Dogo shi ne shaida. Ya ciro hoton aurenmu daga bango ya rantse cewa ko a ranar ma fuskata kamar ta mai ciwon haƙori take. Na nemi a ba ni damar kare kaina, ta ce an rufe sauraro. Ta yanke mini hukuncin cakulkuli, babu ɗaukaka ƙara. Dogo ya riƙe mini hannuwa, ita ta zartar da hukuncin, ke kuma kika yi ta dariya har kika kifa kanki a kafaɗata, hawaye na zuba, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga. Wallahi, hasken raina, ban taɓa zama mai arziki kamar wannan yammacin ba!

Bayan tafiyarki na lura da wani abu da ya razana ni. Duk lokacin da na nemi tuna ta tana dariya, sai in ga Dogo a gefe, ko yana ɗauke da ita a wuya, ko yana gyara mata ƙafar teburin karatu tana ba shi umarni. Ba ya yankuwa daga cikin hoton. Don in ci gaba da riƙe shi a zuciya, sai da na daina tuna ranakunta masu daɗi, na bar wa kaina titin nan kawai. Ashe fushin da nake tsammanin ina yi dominta, ita yake ƙwace mini a karo na biyu.

Ban san hanyar warkewa ba, kuma ba zan yi miki da'awar na warke ba. Abin da na iya a duniya shi ne tsari, saboda haka da shi na fara. Kowace safiya, kafin in sa takalmi, nakan shiga ɗakinta in buɗe taga, in kira sunan da muke kiranta da shi, da murya, sau ɗaya. Da farko iska ce kawai ta fito. Yanzu yana fita, wani lokacin har da ɗan murmushi. Sannan na ɗora wa kaina doka cewa abin da na fi tsoro a wunin, shi zan fara taɓawa kafin in sha shayi, ko da gefensa kawai zan iya ɗagawa. Ta haka na amsa saƙon shugabar makarantarsu, wadda ta daɗe tana neman mu karɓi kayan da suka rage a teburin Lauya. Wata safiya lambar kawai na nemo. Wata safiyar na kira na kashe. Daga baya na je na karɓo: kofinta, rigar sanyinta, da fensirin da ta tauna wa kai kamar yadda kike hana ta kullum. Suna nan a kan gadonta, ban wanke rigar ba sai kin zo kin gani.

Mafi wuya shi ne addu'a. Na tilasta wa harshena ambaton Dogo bayan kowace salla, in roƙa masa sauƙi da natsuwa. Da farko kamar dutse nake taunawa, baki na faɗa, zuciya na musu. Ban jira zuciyar ta yarda ba, domin na gane jiran yardarta ma wata ɗagewar ce. Na ci gaba da faɗa, ita kuma ta fara gajiya da musun.

Saura abu ɗaya. Kin san ban taɓa yanke hukunci a kan haɗari ko rikicin fili ba sai na tashi kotu mun je wurin na gani da idona. Amma titin makarantar nan, tun daga ranar, direbana ya san ba ma bi ta kansa. Jiya na sallame shi, na taka da ƙafa lokacin tashin yara, na tsaya daidai inda Dogo ya tsaya. Me na gani, ya sanyin ƙirjina? Iyaye ne jere a gefen nan, kowa ya tsaya inda ya sami wuri, kowa yana miƙa wuya. Da aka buɗe ƙofa yara suka kwararo, sai hannuwa suka tashi sama kamar tsuntsayen da aka firgita, na uwa, na uba, na kaka. Ina kallo, sai na ji nawa hannun ya tashi da kansa, ba da izinina ba, yana neman yarinyar da ba ta cikin taron. A nan na tuna cewa ni ma a wannan gefen nake tsayawa idan na makara, ni ma haka nake ɗaga mata hannu, har ta saba da neman mai ɗaukarta a ƙetaren titi. Hannun Dogo ne ya tashi a ranar, amma hannun kowannenmu ne. Na jingina da wata bishiya har wurin ya watse, kuma a karon farko tun da muka rufe ta, na yi kuka a gaban mutane ban goge ba.

Yau da safe, kafin shayi, na je shagonsa na kafinta. Yayarki ta riga ta sanar da ni a waya cewa yana shirin sayar da kayan aikinsa ya bar garin. Na same shi a tsaye cikin garin katako, zarto a hannu, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na shirya jawabi tun daga gida, mai gabatarwa da dalilai da kammalawa, kamar yadda na saba. Da muka haɗa ido, duk ya zube. Abin da ya fito daga bakina shi ne: ka rame. Ya saki zarton, ya zube ƙasa, yana cewa da na mare shi tun a ranar, da ya fi masa sauƙi. Na durƙusa a gefensa da kwat ɗina a cikin ƙurar, na gaya masa ya ɗaga mata hannu ne don yana sonta, ita ma ta rugo ne don tana sonsa, kuma na yi watanni ina neman laifi a tsakanin biyun ban samu ba. Na roƙe shi ya yafe mini jiran da na sa shi. Mun daɗe a haka, maza biyu a ƙasa, masu wucewa suna leƙe.

Ba zan ɓoye miki ba, na san gobe da safe wani ɓarɓashin fushin zai iya tashi tare da ni. Idan ya tashi, zan sake ajiye shi, jibi ma haka, kamar yadda ake wanke fuska kowace safiya ba a ce ta jiya ta isa ba. Amma wannan aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya ke ruwan da ke kashe mini ƙishi. Akwai labaranta da ke kaɗai kika sani, akwai waɗanda ni kaɗai na sani, na hanyar makaranta da na gardamar da muke yi a mota. Wa zan ba su idan ba ke ba? Wa zai gyara mini idan na manta launin rigar da ta sa ranar da ta fara tafiya? Ki dawo, don Allah, ki dawo! Ba na kiranki zuwa gidan da ya warke. Ina kiranki mu zauna cikin raunin tare, ki yi kukanki a kafaɗar da kika taɓa yin dariya, ni kuma in daina shigewa ɗakin karatu idan na ga idonki ya cika. Idan kina buƙatar ƙarin kwanaki, ki ɗauka, ba ni da bakin gaggauta kowa.

Ban ba direba wannan takardar ba. Dogo ne ya roƙa in bar shi ya kawo miki da hannunsa, ya ce ya daɗe bai shigo muku da abin alheri ba. Yana tsaye a gabanki yanzu. Kafin ki gaskata ko kalma ɗaya daga cikin abin da na rubuta, ki ɗaga kai ki dubi fuskar ƙanenki. Idan kin yarda da abin da kika gani, ya ce motarsa tana waje.

Ni ne naki a cikin farin ciki da akasinsa, wanda bai taɓa son wata ba kafin ke, ba kuma zai so wata ba bayanki har a kwantar da shi kusa da 'yarsa,

Mijinki,
Baban Lauya