Muryar mijina tana cikin kwallar Inna

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai, ko abinci ba ya min daɗi.

Ni 'yar Gwarzo ce, mijina ɗan wani ƙauye ne a Kabo. Allah ya yi masa rasuwa a haɗarin mota a hanyar Kano, lokacin ko yaye 'yarmu Hanifa ban yi ba. Aikinsa a wani ofis a Kano shi ne backup, wato kwashe bayanan kwamfuta a zuba su a wani irin kaset mai kauri, a adana shekara da shekaru. Mutum ne da bai yarda da waya ba ko kaɗan, kullum cewa yake waya yau tana hannunka gobe tana hannun ɓarawo, amma kaset in ya samu wuri mai sanyi har jikokinmu sai sun gani. Ni kuwa tsokanarsa nake, in ce duniya ta ci gaba shi ya koma zamanin kaset. Ya sayi kaset nasa na kansa, ya zuba hotunan bikinmu, bidiyon suna, da muryarsa yana yi wa Hanifa wasa. To wayarsa ta ragargaje a haɗarin, tawa kuma aka ɗauke ta a cikin taron gaisuwa, ku ji rashin imani. Yanzu duk duniya babu muryarsa sai a kaset ɗin nan.

Ranar da ake haɗa kayansa na faɗi haka a gaban Inna, mahaifiyarsa, sai ta miƙo hannu, na ba ta. Ita a tunaninta irin kaset ɗin da ne, har ta gwada shi a rediyonta ya ƙi shiga. Sai ta naɗe shi a ɗankwali ta sa a kwalla, a ɗakinta na kwano, ga zafi, ga hayaƙin turaren wuta, damina kuma ga danshi.

Kwanaki Malam Nasiru, abokin aikinsa, ya aiko min cewa ofishinsu zai sauya na'ura, sabuwar ba ta karanta tsohon kaset irin wannan, in zan kawo in kawo tun tsohuwar tana nan ya juye min komai. Na'urar ta ofis ce, ba ta fita. Na je Kabo na durƙusa na yi wa Inna bayani. Sai ta ce, "Hanyar nan ta cinye min shi sau ɗaya. Ba zan sake ɗora shi a mota ba." Wallahi raina ya ɓaci, na ce mata ai Hanifa ma tana da hakki a kan ubanta. Kawun mijina ya sa baki, na ce mu tafi tare da ita, ta riƙe abinta a cinya har Kano, duk ta ƙi.

Sai Malam Nasiru ya ba ni wani kaset iri ɗaya sak, babu komai a ciki, ya ce in musanya, ba za ta taɓa ganewa ba. Na sa a jaka na tafi Kabo na kwana da niyyar haka.

Su Inna asalinsu Fulani ne, mijina kuma ɗan fari ne, don haka tun da na shiga gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko ya gaishe ta sai ta kau da kai. Da safe na zo ƙofar ɗakinta ina jira ta fita tatsar nono, sai na ji ƙarar murfin kwalla, na ji ta ce a hankali, "Sulaimanu, ka tashi lafiya?"

Na koma na yi kuka har na gaji, na dawo Gwarzo da kaset ɗin banzan a jakata.

Yanzu Hanifa ta fara wayo, jiya ma ta tambaye ni wai muryar Abbanta irin ta wa ce. In na bari, ko zafi ya cinye kaset ɗin ko na'urar ta tafi, 'yata ta tashi ba ta taɓa jin ubanta ya kira sunanta ba. In na musanya kuma, zan iya dawo mata da shi daga baya, amma in hanyar ta sake cin amana fa, ko aka ce ya riga ya lalace? Tsohuwar nan ta ci gaba da gaishe da kaset ɗin da babu kowa a ciki, ni kuma na sani.

Iyayenmu da ke gidan nan, in ku ne, za ku buɗe kwallar?