Biskit ɗin da Ka Ba Ta Jiya

Malam,

Na tafi da jikarka asibiti, da gangan ban tashe ka ba. Jiya likita ya ce kada ta ci komai kafin aiki. Ta ɗan matse hawaye, ka faki idona ka ba ta biskit, aka koro mu.

Huji biyu kawai likita zai yi a gwiwar hannun da ya karye, ya mai da ƙashin wurinsa, ya kafe da siririn ƙarfe. In kuwa ƙashin ya fara kamawa a karkace, sai an tsaga hannun.

Ka biyo mu da rigarta mai faɗin hannu, ban da komai a aljihu. Tun da ta tashi take cewa kai kaɗai ke son ta.

Muguwar kakarta