Rijiyar Baba da ramin Yaya

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina ya gama ɓaci, ko fuskar yayana ba na son gani.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Da mahaifinmu ya rasu muka haƙa masa rijiya a ƙofar gida, sadakatul jariya, unguwa gaba ɗaya a nan take ɗiban ruwa. Babban yayanmu kuwa maganin feshi yake sayarwa, na ƙwari da na ciyawa. Shekara da shekaru duk wanda ya lalace a wani rami bayan katanga yake juye shi, nan kuma ake ɗauraye jarkoki, tsakanin ramin da rijiyar bai fi taku goma sha biyar ba.

Bana da damina ta sauka ruwan ya fara wari, 'yata kuma ta yi ta ciwon ciki. Na ɗiba a gora na kai wa abokina mai aiki a ɗakin gwaji a Kano. Ya ce akwai kemikal, irin wanda ba ya ruɓewa a ƙasa, tafasawa ba ta fitar da shi, alam ma a banza. Ya ce a rufe rijiyar kawai.

Na tara gida na faɗa. Yaya ya ce wai boko ke ɗawainiya da ni, kuma hassadar shagonsa nake. Hassada! Ni da ko gishiri ban taɓa roƙonsa ba. Mutumin nan fa fiya wata yake sha, a babur ake sauke masa, amma ya tsaya ido cikin ido yana cewa ruwa lafiya lau. Wallahi na tsane shi, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce. Ta ce kowane guga lada ne da ke isa kabarin mijinta, in na sa murfi da kwaɗo na yanke wa ubana lada, kuma ba ta yafe ba. Tun daga ranar, da gayya take shan ruwan, ta cika kofi ta shanye tana kallona.

Na ce zan kai maganar wurin mai gari. Yaya ya yi dariya, ya ce in na je kada in manta in faɗa wa mai gari wanda ya haƙa ramin. Jama'a, ni ne. Lokacin ina zaman shagonsa kafin in sami aiki, ni na zaɓi wurin, don ƙasar ta fi laushi, rijiyar ina kallonta.

Kwana huɗu ke nan kwaɗon da na saya yana aljihuna. Yanzu haka ina jin ƙarar guga, mata sun jera bokitai. In datse in ɗauki fushin mahaifiyata, ko in ci gaba da kallonta tana shan abin da na haƙa wa rami? Don Allah me zan yi?