Yis ɗin Baba a Rijiya

Litinin, 2 ga Satumba

Ƙanena Rimgaudas ya iso daga birnin Vilnius, bayan motarsa cike da gwangwanayen giyar Jamus, wai na taron cikar Baba shekara da rasuwa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana dafa giyar da duk garinmu Biržai ke zance, a tuna da shi da ruwan gwangwani! Na ce ni zan dafa.

"Yaya, ke da ko shayi ƙona shi kike?"

Ban taɓa dafawa ba. Shekara talatin ina ɗakin karatu, ina raina gangar giyar Baba.

Talata, 3

Na jawo kwalbar yis, mai tayar da giya, daga rijiya, inda Baba ke rataye ta don sanyi. Wari. Ya mutu. Tun kakanmu yake raye, ya tsallake yaƙi, ni na kashe shi da mantuwar shekara ɗaya.

Alhamis, 5

Dole na je wurin tsohuwa Elzbieta, maƙwabciyar da na zaga bara saboda akuyarta. A wurin Baba ta samo nata yis tun tana amarya. Ta bar ni tsaye a ƙofa har ta gama fere dankali, sannan ta miƙo kofi. Na buɗe baki, ta toshe shi da hannu mai ƙasa.

"Ke 'yar nan, duk littattafan ba su gaya miki ba a godiyar yis? Mutuwa yake. Kuma ba ya son faɗa. Kwana uku ba ihu a gidan. Ke kuwa, anya?"

Camfi. Amma na juyo gida da kofin ba godiya.

Juma'a, 6

Tsiron sha'ir, ruwan zafi, furen ɗaci, ciwon baya. Na zuba yis na rufe gangar da bargon Baba. Rimgaudas ya fasa gwangwani a gabana yana cewa giyar gwangwani kullum ɗanɗanonta ɗaya, ba caca. Ina da amsa uku, duk masu kyau. Na haɗiye.

Asabar, 7

Safe, ba motsi.

Da rana na ji wani abu kamar yayyafi a kan ganye. Na ɗaga bargo. Kumfa, fari, mai kauri, yana tashi yana numfashi. Ƙamshin rigar Baba sak. Na karanta bayanin wannan a littafi fiye da sau goma, amma gani da ido daban ne. Abu cikin kofi, ya girmi kowa a gidan nan, yana aikinsa bai tambaye ni komai ba.

Rimgaudas ya shigo, ya durƙusa ya kara kunne a jikin ganga. Ya daɗe. Da raɗa ya ce, "Yaya, na Baba ne."

Lahadi, 15

Yau aka yi taron. An shanye ganga kafin a kawo nama. Elzbieta ta kurɓa ta ce ɗaci ya yi yawa, ta ƙara kofi uku. Bayan nan aka koma kan gwangwanaye. Na sha ɗaya. Ba laifi. Ba mai numfashi a ciki dai.

Rimgaudas ya roƙi yis, zai ajiye a firji. Na raba biyu. Ya fara "na go—", na toshe masa baki.

Ɗazu akuyar ta sake shigowa lambu. Na mayar wa Elzbieta da ita da kaina, ba ihu, har da ganyen kabeji. Kwana uku sun wuce tuni, na sani. Akwai sauran yis a rijiya ne kawai, kuma rijiyar kusa da shinge take, inda zai ji faɗa.