Fayil Ɗina da Gwaggon Maigida

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kina lafiya, ke da yara da keken ɗinki.

Na fara zuwa wurin mai ba da shawara a asibiti kamar yadda kika matsa. Ɗakin ba irin na littattafai ba ne: kujeru biyu, fanka mai ƙara. Amma Yaya, na yi abin kunya. Kin san gwaggon maigidana ce ke jera fayil a asibitin. Da malamar ta buɗe biro ta ce me ke damuna, sai na hango a raina takardar da za ta rubuta a hannun gwaggo. Kawai na ba ta labarin wani littafi da na karanta a matsayin nawa, wai tagwaye aka haife mu ni da wata, aka raba mu. Zama uku ke nan ina ƙara babi.

Gaskiyar ke kaɗai kika sani. Tun da na haihu, in na ɗauki jaririyar hannuna rawa yake, ina tsoron ta suɓuce. In dangin miji suka ji, za su ce ban iya riƙon 'yata ba.

Ƙanwarki,
Auta

Wa alaikis salam Auta,

Tagwaye? Ni na goya ki, ban ga ta biyun ba, kuma ɗayar ma ta ishe ni. Na yi dariya har allura ta soke ni, daga baya na yi hawaye.

Ki tambayi matar nan, wa ke iya ganin abin da take rubutawa? Baki gare ki. Ki gai da mai jego, wato ke.

Yayarki

Assalamu alaikum Yaya,

Na tambaya. Ta ajiye biro ta ce fayil ɗina a durowarta yake a kulle, ba ya zuwa ɗakin ajiya. Ko maigidana ba zai ji komai ba sai da izinina, sai fa in rai na cikin haɗari. Ta ce ina da haƙƙin karantawa, in sa a gyara, in ma ba ta yi mini ba in nemi wata.

Na ce a ba ni. Shafi uku na ƙarya. Na sa ta gyara ina kallo, sannan na miƙa mata hannuwana na faɗi gaskiya. Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce masu jego da yawa sun zauna a kujerar nan, kuma ana samun sauƙi.

Da na fito, ga gwaggo a baranda. "Ke, me kike ta gaya mata haka?" Na russuna na gaishe ta da kyau, na ce, "Gwaggo, wannan tsakanina da ita ne." Yaya, ko jarumar littafi ba ta yi tafiyar da na yi zuwa bakin ƙofa ba.

Taki har kullum,
Auta

Auta, salama.

Gwaggon mijinki ta kira ni jiya tana bugun cikina. Na ce ta tambaye ki. Ta ce ai ta tambaya. Na ce to ta ji amsa.

Ki koma ranar Talata. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki