Littafin Hanyoyin Ƙanƙara da Ban Karanta Ba

Al Nahda, Dubai
Janairu, 2021

Zuwa ga mijina, Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da kewa mai yawa, na san wannan takarda ba za ta same ka ba, don inda kake ba abin da ke isa sai addu'a. Amma bakina ya saba ba ka labari, kuma yau labarin ya cika mini ciki.

Na fita takaba ranar Litinin. Hajiyarka ta kira daga Kano, ta yi ta sa mini albarka. Bizata ta kusa ƙarewa tunda a kan taka take, don haka yayanka, Yaya Sani, yana zuwa daga Sharjah muna ɗaure kaya. Komai ya shiga kwali in ban da katakan zamiyarka na ƙanƙara, naka da waɗanda ka sayo mini. Malam Habu mai kamfanin aika kaya gida a unguwar Port Saeed ya jujjuya su, ya tambaya ko na rataya labule ne. Yayanka ya ce khalas, shi ke nan, a bayar da su, ko a kan kwaltar Zoo Road zan zame? Ya ba ni zuwa Alhamis, ranar da za a rufe kwantena. Saura kaɗan in ce to.

Ka san dalili? Ban taɓa son ƙanƙarar nan taka ba. Tun da ka yi karatu a Finland ka bar rabin zuciyarka a dajinsu na can arewa. Kullum kana cikin zancen hanyoyin da ake bi kwana uku ba a ga mutum ba sai barewa, da yadda kake narka ƙanƙara a tukunya ka yi alwala, da La'asar da ke riskarka kafin ka naɗe dardumar Azahar. Na ce ga ƙanƙarar inji nan a cikin mall, mu je mu huta da dogon buri. Ka ce wannan gangara ce ta 'yan hoto, taka tafiya ce. Ka tuna ranar da ka kai ni duwatsun Hatta don in koyi tafiyar, ka ba ni sanduna biyu, ina ɗaga ƙafa cikin abaya, masu yawon buɗe ido suna kallonmu?

To ga abin da ban faɗa maka ba. Littafin hanyoyin da ka ba ni, ka ce in karanta kafin mu tafi, ban karanta ko layi ɗaya ba. Rigarsa na cire na sa wa littattafaina na soyayya, shi kuma na tura shi bayan wadirof. Duk lokacin da ka tambayi inda na kai, sai in ce ina wajen tafkin nan, don na lura ƙasar ba ta rabo da tafki. Kai kuma sai ka gyaɗa kai, ka ce madalla, ɗaliba.

Jiya da aka ja wadirof ya faɗo. Na buɗe, sai ga rubutunka a shafin farko: "Nafisa, na ga rigar littafin nan a jikin wani. In jarumar ta samu wanda take so, ki dawo nan, ina jira."

Ashe ka sani? Tun yaushe? Kuma ka mayar da shi inda na ɓoye, ka bar ni ina ta yi maka ƙaryar tafki?

Kusan kowane shafi ka yi mini magana. Nan za mu sha shayi. Nan za ki faɗi, zan yi dariya kafin in ɗaga ki. Nan za ki ce a mayar da ke gidanku. A wajen wata bukkar katako da ke tsakiyar daji, wadda ba a kulle ta, ka ja layi ka rubuta cewa ba a fita daga cikinta sai an faskara itace an ajiye ashana saboda mai zuwa a baya, don zai iso hannunsa a sandare. A nan na rufe littafin na yi kukan da ban yi ba tun ranar asibiti.

Na kira Yaya Sani na ce katakan ba za su je ko'ina ba sai inda na je. Ya ce to, Malam Habu zai haɗa musu dogon akwati. Ba zan yi maka alkawarin zan je dajin ba, ka san ko sanyin AC bargo nake ja masa. Amma na mayar wa littafin rigarsa, na fara daga farko. Yanzu ina shafi na goma sha ɗaya, kuma wallahi wannan karon da gaske ina wajen tafkin.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu inda babu sanyi babu zafi.

Ɗalibarka da ta makara,
Nafisa